Wata na Ashirin da Biyar

Annoba ce babbar malamar tattalin arziki a tarihin ɗan Adam. Abin da jami'o'i suka kasa cusa wa mutane cikin shekara ɗari, ita ta koyar da shi cikin wata uku, ba ta kuma karɓi kuɗin makaranta ba. Ta raba mai saye da yawon kasuwa, ta raba shi da ciniki da gumi da kwaɗayin ido, ta bar shi da hankalinsa da wayarsa.

Wannan shi ne matsayin Farfesa, kuma a falo ya bayyana shi, a tsaye, da singileti. Ba farfesa ba ne. Malamin tattalin arziki ne a wata sakandare, shekara ashirin da biyu ke nan. Tun yana jami'a abokansa suka liƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, bai taɓa tambayar dalili ba. Mai sauraronsa a ranar mutum ɗaya ce, matarsa, wadda kowa ke kira Sista saboda aikin jinya da take yi a asibiti. Dawowarta ke nan daga aiki, igiyar takunkumi ta bar mata shaida a bayan kunne, tana zaune a bakin kujera tana cire safa.

"To," ta ce.

"To kawai?"

"To Allah ya ƙara mata ilimi, Malam. Akwai ruwan zafi?"

Kafin annoba Sista ce mai cefane. A hanyarta ta dawowa takan tsaya kantin bakin layi ta karɓi abin da ya ƙare: sabulu biyu, sukari ɗaya, madara gwangwani uku. Mai Kanti ya san gidan fiye da wasu dangi. Ya san ranar da gishirinsu ke ƙarewa, ya san Farfesa ba ya son man goge baki mai yaji. Shekara ashirin ana haka, ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya yi jawabi.

Da aka rufe makarantu aka mayar da darasi ta waya, aka kuma rage wa malamai rabin albashi, sai Farfesa ya sami abu biyu da bai taɓa haɗawa ba: lokaci mai yawa da kuɗi kaɗan. Sista kuwa aiki ya ninka mata, awa goma sha biyu a tsaye. Don haka ya karɓi cefanen, bisa tausayi in ji shi. Ya sauke manhajar wani ƙaton kanti a wayarsa, kantin da ke kawo kaya har ƙofar gida, a biya in kaya sun iso. A nan ya haɗu da jan rubutu.

Jan rubutun shi ne rangwame. An soke tsohon farashi da layi, an rubuta sabo a gefensa, a ƙasa kuma agogo na ƙirga mintunan da suka rage. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana gargaɗin yara a kan yaudarar talla, agogon nan ya kayar da shi a mako guda. Bai kira abin rangwame ba. Riba yake ce masa.

"Yau na ci riba kashi talatin cikin ɗari," yakan ce mata tun tana bakin ƙofa.

"Me ka sayar?"

"Ban sayar ba, saye na yi."

"To ina ribar? A ba ni in riƙe."

"Ba a riƙe ta, Sista. Kuɗin da ba ka kashe ba, kuɗi ne da ka samu. Wannan a aji ɗaya ake koyar da shi."

"Shi ya sa na bi layin allura," ta ce, ta wuce wanka.

Ribar tana bukatar wurin zama, sai aka ba ta ɗakin baya. Ɗakin 'yarsu ne kafin ta yi aure ta tafi da gadonta. Shi ne ɗaki mafi kyau a gidan: yana da banɗakinsa a ciki, da taga mai kallon bishiyar maƙwabta. Da farko sabulu ne ya shiga, kwali huɗu. Tishu ya biyo baya, ɗauri ɗauri har ya kusa taɓa fanka. Sai man wanke hannu a jarka, shinkafa, taliya, batir na fitilar da ba su da ita, daga baya kuma fitilar. Akwai injin yin burodi da ba a cire daga ledarsa ba, saboda fulawa ba ta shiga rangwame ba tukuna. Cikin wata huɗu taga ta ɓace. Ƙofar banɗakin ma sai wanda ya san da ita.

Direban motar kantin ya zama ɗan gida. Mutum ne mai furfura da ciwon baya, ba ya magana sai ta kama. In ya sauke kaya yakan tsaya nesa ya miƙo takarda da tsawon hannu. Duk zuwansa sai ya wuce ta gaban Mai Kanti, wanda ke zaune a kan benci bayan igiyar da ya ɗaura don hana mutane matsowa, yana bin motar da ido har ta tsaya.

Ranar Litinin da yamma Yayan Sista ya kira. Matar da ke kwana da Inna, mahaifiyarsu, ta tattara ta koma wajen 'ya'yanta. Inna ta haura saba'in da biyar, ga ciwon sukari, ga gwiwa, ga ta ita kaɗai a gida a wani gari. Za a buɗe hanyar da aka rufe saboda annoba ranar Asabar, kwana ɗaya tak, kafin a sake rufewa. Yaya ya ce zai ɗauko ta. Gidansa ɗaki biyu ne da yara bakwai, don haka ba a ma tsaya tattauna inda za a kai ta ba.

Sista ta ajiye wayar ta sami Farfesa a teburin cin abinci, wanda yanzu shi ne ajinsa.

"Malam, ranar Asabar Inna za ta zo. Ɗakin baya nake so, fanko."

"Madalla, Allah ya kawo su lafiya. Ai ga falo nan, a ɗan gyara kafin..."

"Ba falo. Kullum daga cikin masu cutar nan nake fitowa. Ba zan haɗa banɗaki da Inna ba, ba zan haɗa iska da ita ba. In ba ɗakin nan, gara ta zauna can ita kaɗai, kuma in ta zauna can ita kaɗai, ba wanda zai tuna mata allurarta. Ka gane ko in zana maka?"

"Na gane."

"Na riga na yi magana da kafinta, zai haɗa gado mai tsayi saboda gwiwarta. Kuɗin alawus ɗina na annoba suna cikin ambulan a durowa, na gadon ne. Kai naka ɗakin."

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya ce ta kwantar da hankalinta, matsalar ba ta wuri ba ce, ta tsari ce. Mutane suna kallon ɗaki a kwance, alhali ɗaki yana da tsaye. Ya ce ta bar masa komai. Tana fita ya ɗauki waya, ya daɗe yana dannawa da fuskar mai ceton al'umma.

Washegari da hantsi motar ta zo. Wannan odar ta makon jiya ce, ya manta bai faɗa ba. Madara ce ta ruwa, 'yar waje, katon arba'in, kowane katon da kwali goma sha biyu a ciki. Rangwame kashi sittin. Ya biya da abin da ya rage a asusunsa, direban ya jera su a baranda da lungun shiga falo, don ɗakin baya ko allura ba ya karɓa. Sista tana hutun safe ranar. Ta fito ta tarar da katanga ta tsiro tsakaninta da ƙofa.

"Wannan fa?"

"Wannan ita ce riba mafi girma tun da aka fara annoba. Kuma da Inna a raina na saya, tsofaffi na bukatar madara."

"Kwali ɗari huɗu da tamanin."

"Tana da tsawon rai, Sista. Na duba kafin in danna, ni ba yaro ba ne. Duba nan." Ya nuna mata lambobin da ke gefen katon: sifili da uku, sha ɗaya, sai shekara. "Uku ga watan sha ɗaya. Uku ga Nuwamba. Yau biyu ga Maris. Wata takwas cur."

Sista ta matso kusa. Mace ce da ke karanta ranar lalacewar magani sau hamsin a yini, idonta ya saba da ƙaryar lambobi. Ta durƙusa tana juya katon ɗin ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai ta tsaya.

"Farfesa."

Ya san in ta bar Malam ta koma Farfesa, ba lafiya.

"Karanta min wannan."

"Sifili da uku, ashirin da biyar, sai shekara."

"A lissafinka, uku ga wane wata ke nan?"

Ya matso da tabarau. Ya ja baya da tabarau.

"Wata na ashirin da biyar," ta ce. "Wane ne shi? Kafin Disamba yake ko bayanta?"

"Wataƙila kuskuren bugawa ne."

"Mutanen da suka yi madarar nan wata suke fara rubutawa, sannan rana. Mu ma a asibiti akwai magungunansu. Wannan ashirin da biyar ga Maris. Waɗancan sha ɗaya ga Maris. Kwana tara, Farfesa. Ka sayi madarar wata takwas da za ta mutu cikin kwana tara."

"Ai bai kamata su riƙa rubutawa haka ba. Ba tsari a ciki. Ƙarami ake fara sawa, sannan babba, rana, wata, shekara. Kowane mai hankali..."

"Ka rubuta musu wasiƙa. Kafin su amsa, ka sha."

Ya kira kantin. Wata murya mai daɗi, wadda ba ta mutum ba, ta ce kiransa na da muhimmanci a gare su, ya danna ɗaya. Ya danna ɗaya, ta ce ya danna huɗu. Bayan minti arba'in na kiɗa wata yarinya ta ɗauka, ta saurare shi har ƙarshen bayanin da ya yi a kan tarihin rubuta kwanan wata, sannan ta ce ba a mayar da kayan rangwame, yana rubuce a sharuɗɗan da ya amince da su. Ya ce bai karanta ba. Ta ce ya dai danna cewa ya karanta. Ta yi masa fatan alheri, ta tambaye shi ko zai ba hidimarta tauraro biyar.

Ranar ya sha madara kofi shida, don ya nuna abu ne mai yiwuwa. Laraba da safe bai iya shiga aji na farko ba, yana banɗaki.

Sista ta dawo ranar Laraba ta leƙa ɗakin baya. An matsar da ɗaurin tishu biyu daga hagu zuwa dama. Ba ta cire kayan aiki ba, ta ce masa ya sa takunkumi ya biyo ta.

Mai Kanti na kan bencinsa. Ya ga su tun daga nesa, amma sai da suka iso igiya ya nuna ya gan su.

"A'a, Sista, sannu da aiki, ya masu jiki? Wannan kuma wa nake gani kamar Farfesa? Ashe kana gari. Ni na ɗauka an ɗauke ka aiki a ƙasar waje."

"Muna nan, Mai Kanti. Ya kasuwa?"

"Ga ta nan kana gani. Ni da ƙuda muke tsaro, shi ma ya fara neman wani aiki. Kasuwa ai ta koma waya, mu tsofaffin yayi sai kallo."

"Tsofaffin yayi" kalmar Farfesa ce. Ya taɓa faɗar ta a bakin layi wata uku da suka wuce, bai san tana ajiye ba.

Sista ta faɗi abin da ya kawo su ba tare da kwana-kwana ba: Inna, Asabar, ɗakin, kayan. Mai Kanti ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin baya, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

"Farfesa, ashe kai ne ka buɗe kanti a layin nan ba ka gayyace ni ba. Wannan ai ya fi nawa kaya." Ya taɓa kwalin injin burodi da yatsa. "Wannan me yake yi?"

"Burodi."

"To Allah ya nuna mana."

Ya ce zai ɗauki sabulu da tishu da shinkafa da sauransu a rabin abin da aka saye su, shi ma sai in an sayar, don ba shi da kuɗin ajiya. Madara kuwa zai ɗauki katon goma sha biyar ya gwada, sauran a nemi masu sha.

"Rabi?" in ji Farfesa. "Ai ni a rangwame na saya. Rabin rangwame, a ilimin tattali..."

"Malam," in ji Sista.

"Ba komai, rabin ya yi."

"Don Inna na yi," in ji Mai Kanti. "Duk zuwanta sai ta tsaya ta tambayi lafiyar iyalina, ko ashana ba za ta saya ba."

Kwana biyu ana jida da baro. Farfesa ne ke turawa, tsakanin darasi da darasi, daga gida zuwa bakin layi, a gaban duk maƙwabtan da kulle ya bari ba su da abin kallo sai taga. Matar gidan da ke kallon nasu ta tambaya ko tashi za su yi. Sista ta kai madara katon goma asibiti a bayan tasi, ta raba wa masu shara da masu gadi. Aka bi gida gida da sauran. Wani maƙwabci ya karɓi kwali shida, ya duba lambar, ya ce ai da sauran lokaci, har Nuwamba. Farfesa ya juya baronsa, Sista ce ta yi bayani.

Ranar Juma'a da azahar taga ta dawo. Sista, a ranar hutunta ɗaya tilo, ta share ɗakin, ta wanke banɗakin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta rataya labule. Ta kira Inna ta ce komai ya kammala.

"Kada ku wahalar da kanku saboda ni," in ji Inna. "Ko tabarma ce ta ishe ni."

"Tabarma da gwiwar nan, Inna? Wa zai ɗaga ki? Gado na nan zuwa anjima."

"Ya maigidan naki? An ce shi ke muku cefane yanzu. Allah ya yi masa albarka, ba kowane namiji ba."

"Amin," in ji Sista. "Amin, Inna."

Ƙarfe uku aka yi hon a ƙofar gida. Ta ɗauko ambulan daga durowa ta fita, a zatonta kafinta ne. Motar kantin ce. Direban mai furfura da abokin aikinsa sun riga sun sauke dogayen ƙarafa guda shida, naɗe da leda, sun jingina su da katanga.

"Baba, wannan fa?"

"Kantocin ƙarfe ne, Sista, na jera kaya. Hawa biyar biyar. Maigida ya yi oda ranar Litinin da yamma." Ya miƙo takarda da tsawon hannu. "A biya in an kawo."

Ta karanta. Rangwame kashi arba'in. Wannan ne ɗakin da ke da tsaye. Kantoci shida na jera kayan da yanzu ke kantin bakin layi ana sayar da su a rabi.

"Ba ma bukata. A mayar."

Direban ya sauke takunkuminsa kaɗan ya share gumi, ya mayar.

"Sista, ni ba zan ɓoye miki ba. Kayan rangwame in na koma da su, ba sa karɓa. Sai su rubuta ni ne ban kai ba, su cire a albashina. Wata biyu ke nan ana cire min na wasu. In maigida na ciki, a kira shi mu yi magana."

Maigida na ciki. Ta tagar falo ana jin muryarsa, ya sa rigar kirki a sama, yana fuskantar wayar da ya jingina da gwangwanin sukari. Asusunsa kuwa ta san abin da ke ciki, madara ta shanye. Ta dubi direban, ta dubi yadda yake dafe da ƙugu. Ta dubi ambulan ɗin da ta rubuta wa "gadon Inna" da biro ja.

Ta kira kafinta ta ce ya yi haƙuri, gadon ya jira ƙarshen wata. Ya yi mita, ta saurara har ya gama.

"Baba," ta ce wa direban, "bayanka zai iya ɗaukar gado? Daga ɗaki zuwa ɗaki ne kawai, ba nisa."

"In mu biyu ne, zai iya."

Ta zagaya da su ta ƙofar kicin don kada a katse darasi. Suka kwance gadon ɗakinsu, nata da Farfesa, wanda suka shekara ashirin da huɗu a kai, suka haɗa shi a ɗakin baya, kusa da taga. Tsayinsa ya yi daidai da gwiwar Inna. Ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta ajiye filo biyu. A nasu ɗakin ba abin da ya rage sai sawun ƙafafun gado huɗu a kan ledar ƙasa, da tarin ƙura, da wani biro da ya ɓata tun bara. Ta ce su shigo da kantocin su jingina a nan, tun da wuri ya samu.

Suna fitowa muryar Farfesa ta biyo su har ƙofar gida.

"Ku rubuta wannan, zai fito a jarrabawa. Mai saye na bayan annoba ya fi na kafinta hankali. Ba ya saye da ido, da lissafi yake saye. Wa ya kashe kyamararsa? Ku kunna, ina ganin sunayenku."

Sista ta buɗe ambulan ta ƙirga kuɗin kantocin, ta sake ƙirgawa, ta miƙa da tsawon hannu. Takarda biyu suka rage. Ta ba direban su ma, ta ce na ɗaukar gado ne, ya sayi maganin baya. Ya sa mata hannu a rasit, ya ce Allah ya kawo Inna lafiya. Ta ninke ambulan ɗin ta sa a aljihu, ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi. Akwai madara.